Shugabancin Ƙungiyar Tsofaffin Ɗalibai: Waiwaye Daga Gwandu Zuwa Barewa



 

A 'yan shekarun nan da wuya a yi hutun Sallah a garuruwanmu ba a ji sanarwar taron tsofaffin ɗalibai ba. Ga 'yan aji kaza na firamaren gari, ga 'yan shekara kaza na sakandaren jeka-ka-dawo, har da na Islamiyya. Galibinsu a zauren WhatsApp ake haifarsu, daga nan a haɗu ido da ido sau ɗaya, a ci a sha, a tuna bulalar malam wane, sannan a yi zaɓe. Wanda ya fi kowa kuɗi ko muƙami a ba shi shugaba, wanda ya fi kowa haƙuri a ɗora masa sakatare, wanda aka fi amincewa da shi a danƙa masa ma'aji. Babu mai albashi a cikinsu. Bayan shekara biyu, in ka nemi labarin ƙungiyar, ɗayan biyu za ka tarar: ko dai an gyara rufin aji an sayi bencina, ko kuwa an watse ana zargin juna a kan kuɗi, abokan ƙuruciya ko gaisawa ba sa yi.

Mene ne ke raba ƙungiyar farko da ta biyu? Tunda Hausawa sun ce waiwaye adon tafiya, na ga ya dace mu koma baya mu duba yadda wannan al'amari ya faro a ƙasarmu, domin da yawa daga cikin matasan da ke karanta wannan shafi su ne ake ɗora wa irin wannan ɗawainiya a yau.

Jerin sunayen Malam Abdullahi

Wanda duk ya tashi a ƙasar Gwandu, daga Dodoru da Dalijan da Kambaza har zuwa Kalgo, ba ya bukatar a gabatar masa da Malam Abdullahi ɗan Fodiyo, ƙanen Shehu Usmanu, wanda ya rasu a 1829 kuma hubbarensa ke garin Gwandu. An fi saninsa da manyan littattafai irin su tafsirinsa Diya'ut Ta'awili, da Diya'ul Hukkami, da Tazyinul Waraƙati. Amma akwai wani ɗan ƙaramin littafi nasa da ya shafi zancenmu kai-tsaye, wato Ida'un Nusukhi, wanda ya rubuta a shekarar 1227 bayan Hijira, daidai da 1812.

Mai karatu ya lura da shekarar. A wannan lokaci ne Shehu ya raba tafiyar da daula, ya damƙa wa Abdullahi yamma, ya damƙa wa ɗansa Muhammadu Bello gabas. Mutumin da ke da irin wannan nauyi a wuyansa shi ne ya zauna ya rubuta sunayen malaman da ya yi karatu a wurinsu ɗaya bayan ɗaya. Ya fara da mahaifinsa wanda ya koya masa Alƙur'ani. Ya ambaci yayansa Shehu Usmanu, wanda aka miƙa shi gare shi yana ɗan shekara 13, ya lissafa abin da ya karanta a gabansa na nahawu da fiƙihu da tauhidi da waƙoƙin Larabawa. Ya ambaci Alhaji Muhammadu ɗan Raji da karatun Sahihul Bukhari, da Malam Ibrahim Albarnawi, da Malam Jibrilu ɗan Umaru, da wasu da dama. Bai wadatu da yin godiya a dunƙule ba. Ya kawo suna, ya kawo littafin da ya karanta, ya kawo dangantaka. Saboda wannan ƙididdiga tasa ne, lokacin da Baturen nan Mervyn Hiskett ya buga littafin tare da fassara a 1957, masu bincike suka sami hanyar sanin manhajar karatun ƙasar Hausa ta ƙarni na 18. Malamai da yawa da sunansu zai shuɗe har abada sun wanzu saboda ɗalibi guda ya ɗauki alƙalami.

A wancan zamani ba a bukatar ƙungiyar tsofaffin ɗalibai, domin makarantar zaure mutum ce. In kana jin bashin ilmi a wuyanka, ka san ƙofar da za ka je ka biya. Almajiri ya yi wa malaminsa noma, ya kai masa dami bayan girbi, ya ziyarce shi da Sallah, in ya rasu ya kula da iyalinsa, sannan ya riƙa ambaton sunansa a cikin salsalar karatu duk lokacin da shi ma ya zauna koyarwa. Da boko ya zo sai al'amarin ya sauya. Makaranta ta zama gini mallakar hukuma, malamai ana kawo su ana ɗauke su, hedimastan bana ba shi ne na baɗi ba. Bashin yana nan, amma an rasa ƙofar da za a kai shi. A fahimtata, ƙungiyar tsofaffin ɗalibai dabara ce ta sama wa wannan bashi ƙofa, shugabanninta kuwa su ne masu tsaron ƙofar.

Kwalejin Katsina da 'ya'yanta

Turawan mulki sun fara makarantar boko ta gwamnati a Arewa a 1909, a Nasarawa ta Kano, ƙarƙashin Hanns Vischer wanda Hausawa ke kira Ɗan Hausa. Da makarantun larduna suka fara yawa sai aka rasa malamai, don haka aka kafa Kwalejin Horon Malamai ta Katsina a 1921, Gwamna Hugh Clifford ya buɗe ta a hukumance a watan Maris na 1922. Yara kaɗan ake ɗauka kowace shekara, ana tsamo su daga larduna daban-daban, su zauna tare shekara biyar, su ci abinci tare, su yi wasa tare. Ta haka ɗan Borno ya san ɗan Bida, ɗan Bauchi ya san ɗan Sakkwato, abin da a da sai fatauci ko yawon almajiranci ke haɗawa.

Ahmadu Bello ya shiga a 1926 ya fita a 1931. Abubakar Imam ya biyo bayansa da shekara ɗaya, Abubakar Tafawa Ɓalewa kuma ya shiga a 1928. Kashim Ibrahim da Aliyu Makaman Bida da Isa Kaita da Sa'adu Zungur duk sun bi ta nan. A 1938 aka mayar da makarantar Kaduna, inda Aminu Kano da Shehu Shagari suka yi nasu karatun. A 1949 ta koma Zariya, kuma a 1971 ta sami sunan da take amsawa har yau, Kwalejin Barewa.

Ƙasar Gwandu ma tana da nata rabo. Marigayi Sarkin Gwandu Haruna Rashid ɗan Kwalejin Katsina ne. Bayan ya gama ya yi aikin koyarwa, ya yi aikin baitulmali, ya zama hakimin Kalgo, sannan ya hau gadon sarautar Gwandu a 1954, ya shugabanci Majalisar Sarakunan Arewa har zuwa juyin mulkin 1966, ya kuma ci gaba da sarauta har rasuwarsa a 1995. Tafarkin rayuwarsa ya nuna mana inda 'yan Katsina suke zaune a cikin al'umma: malaman makaranta ne, ma'aikatan En'e ne, da yawansu kuma 'ya'yan gidan sarauta ne. Wannan matsayi shi ne ƙarfinsu, shi ne kuma ya zame musu dabaibayi lokacin da suka yi yunƙurin haɗa kai.

Yunƙurin 1939

A shekarar 1939, shekarar da jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo ta fara fita da Abubakar Imam a matsayin editanta na Hausa, tsofaffin ɗaliban kwalejin suka kafa ƙungiyarsu. Masana tarihin siyasar Nijeriya suna lissafa ta a cikin yunƙurin farko da 'yan bokon Arewa suka yi na haɗuwa a inuwa ɗaya. Idan girman suna da kaifin basira ne ke raya ƙungiya, to da babu ƙungiyar da za ta kai wannan ƙarko, domin a cikin tsofaffin ɗaliban makarantar akwai wanda zai zama Firayim Minista, da wanda zai zama Firimiya, da wanda zai zama Gwamnan Arewa. Sai dai kash, ba ta yi 'yan shekaru ba ta kwanta.

Dalilan ba ɓoyayyu ba ne. 'Ya'yanta a warwatse suke daga Yerwa zuwa Ilori, babu abin da ke haɗa su sai wasiƙa da jirgin ƙasa da 'yan motocin da ba su da tabbas. Yaƙin Duniya na Biyu ya ɓarke a watan Satumba na wannan shekara, hankalin hukuma da ɗan abin da ke hannun jama'a duk suka koma can. Babban dalili kuwa shi ne kusan kowannensu albashin En'e ko na gwamnati yake ci, kuma masu iko na lokacin ba su saki jiki da taron samari 'yan boko daga larduna daban-daban ba. Malamin Midil da zai tafi taro sai ya nemi izini wurin wanda ke shakkar taron. In ya yi magana mai zafi a can, kafin ya dawo gida labari ya riga shi.

Akwai darasi a nan da nake so ɗan'uwa mai karatu ya riƙe. Ƙungiyar sa-kai ba ta da 'yan doka, ba ta da baitulmali, ba ta da ikon hukunta wanda ya ƙi zuwa. Abin da take da shi kawai shi ne mutum biyu ko uku da za su rubuta wasiƙa, su sake rubutawa in ba a amsa ba, su adana sunaye, su tuna wa jama'a ranar taro. Duk ranar da waɗannan suka gaji, ko aka yi musu canjin wurin aiki, ko tsoro ya kama su, to ƙungiya ta kwanta, ko da kuwa taurari ne suka cika ta.

Inda ruwan ya gangara

Kwanciyar ƙungiyar ba ta kashe zumuncin ba. Ruwan da aka tare ta nan sai ya ɓulla ta can. A Bauci, a farkon shekarun 1940, Sa'adu Zungur da Aminu Kano da Abubakar Tafawa Ɓalewa suka shiga zaman muhawara da ƙungiyar neman ci gaba. A Sakkwato, Shehu Shagari da abokansa suka kafa ƙungiyar matasa a tsakiyar shekarun 1940. A 1948 aka kafa Ƙungiyar Malaman Makarantun Arewa, Aminu Kano na sakatarenta. A watan Yuni na 1949 Jam'iyyar Mutanen Arewa ta yi babban taronta na farko a Kaduna ƙarƙashin Dokta R.A.B. Dikko, a matsayin ƙungiyar al'adu mai yaƙi da jahilci da lalaci da zalunci. A ranar 8 ga Agusta 1950 aka kafa NEPU a Kano, a 1951 kuma Jam'iyyar Mutanen Arewa ta rikiɗe ta zama jam'iyyar siyasa, wato NPC. Daga nan waɗanda makaranta ɗaya ta yaye suka sami kansu a sansanoni biyu masu hamayya mai tsanani.

Ba mu kaɗai muka bi wannan hanya ba. A Sudan, ƙasar da kakanninmu suka daɗe suna ratsawa a kan hanyar Makka, an buɗe Kwalejin Gordon a Khartum a 1902, kuma manufarta ta yi kama da ta Katsina: samar wa Turawa malamai da akawuna. Tsofaffin ɗalibanta suka buɗe kulob a Omdurman a 1918, sannan a watan Fabrairu na 1938, shekara guda kafin yunƙurin namu, suka kafa Babban Taron Masu Ilmi, Isma'il al-Azhari na sakatare. A shekarunsa na farko taron ya yi aikin da ya kamata kowace ƙungiyar tsofaffin ɗalibai ta yi koyi da shi: ya ware ranar ilmi ta tara gudummawa, aka yi amfani da kuɗin wajen tallafa wa makarantun al'umma. A 1942 ya miƙa wa gwamnatin mulkin mallaka takardar bukatu, ciki har da 'yancin zaɓar makoma bayan yaƙi. Gwamnati ta yi watsi da takardar, kan 'ya'yan taron ya rabu a kan matakin da za a ɗauka, daga wannan baraka jam'iyyun Ashiƙƙa da Umma suka fito. Azhari ya zama Firayim Minista a 1954, Sudan ta sami 'yanci ranar 1 ga Janairu 1956, amma taron kansa ya riga ya narke a cikin jam'iyyu.

Ba ina zargin waɗancan magabata ba ne. A zamaninsu babu majalisa, babu jam'iyya, su ne kaɗai masu ilmin zamani da za su yi magana da yawun jama'a, dole nauyin ya faɗo kansu. Abin da nake nunawa shi ne, a Kaduna da Omdurman duka, da siyasa ta shigo ta ƙofa, hidimar makaranta ta koma gefe. Mu a yau muna da jam'iyyu har sun yi yawa. Makarantar ƙauye ce ba ta da mai magana da yawunta.

Lamba 87 da lamba 145

Ƙungiyar tsofaffin ɗaliban Barewa, wadda aka sani da BOBA, ita ce magajiyar wancan yunƙuri, kuma ta rayu har ta ga bikin cikar makarantar shekara 100 a 2021. Mutane sukan ce ai dole ta rayu, tunda makarantar ta yaye shugabannin ƙasa biyar: Tafawa Ɓalewa, da Yakubu Gowon, da Murtala Muhammad, da Shehu Shagari, da Umaru Musa 'Yar'aduwa. Amma mun riga mun ga cewa manyan sunaye ba su hana ta kwanciya a karon farko ba. Ni abin da ya fi ɗaukar hankalina shi ne rajista. Tun daga ɗalibin farko a Katsina, kowane yaro yana da lambar shiga, kuma lambobin suna bin juna ba yankewa duk da ƙaura daga Katsina zuwa Kaduna zuwa Zariya. Ahmadu Bello shi ne lamba 87, Tafawa Ɓalewa 145, Gowon 783, Murtala 941. Har yau ɗan Barewa yakan rubuta lambarsa a gefen sunansa. Janar da manomi, in lambar manomi ta riga, to shi ne yaya.

Dubi yadda zaren ya haɗu. Malam Abdullahi ya adana sunayen malamai, Barewa ta adana sunayen ɗalibai. Aiki ne maras armashi, babu mai yi maka tafi a kansa, amma a kansa komai yake tsaye. Jama'ar da ta san sunayen 'ya'yanta tana iya barci ta farka. Wadda ba ta sani ba, barcinta na farko shi ne ajalinta.

Bukatar irin waɗannan ƙungiyoyi ta ƙaru sosai bayan 1976, lokacin da aka ƙaddamar da shirin ilmin firamare kyauta na UPE. Makarantu suka bazu har ƙauyukan da ba su taɓa ganin allo da alli ba. Da tattalin arziki ya karye a shekarun 1980, musamman bayan shirin SAP na 1986, gyaran gine-gine da sayen kayan aiki suka gagara. An sake yunƙuri da shirin UBE wanda aka ƙaddamar a Sakkwato a 1999, aka yi masa doka a 2004, amma yawan yara ya ci gaba da rinjayar abin da ake kashewa. Manyan makarantu irin su Barewa da Rumfa da Alhudahuda, da namu na kusa irin su Nagari ta Birnin Kebbi da Kanta ta Argungu da Nagarta ta Sakkwato, suna da 'ya'ya a manyan ofisoshi waɗanda za a iya kai wa kuka. Firamaren ƙauye fa? Tsofaffin ɗalibanta su ne malamin asibiti guda, da ɗan sanda, da malaman makaranta biyu-uku, da 'yan kasuwa, da ɗimbin manoma da 'yan kabu-kabu. A irin wannan wuri ne shugabanci na gari ya fi tasiri, domin babu wani babban mutum da zai rufe kurakuran shugabanni da kuɗinsa.

Abin da za mu ɗauka zuwa gida

To, ya ɗan'uwa ko 'yar'uwa da aka zaɓa sakatare ko ma'aji na tsofaffin ɗaliban wata makaranta a Dodoru ko Maruda ko Malisa ko Kalgo, ga abin da nake ganin wannan tarihi ke faɗa maka.

Na farko, fara da rajista kafin ka fara da kuɗi. Je wurin hedimasta ka roƙi tsofaffin littattafan shiga, in gara ta ci wasu ka zauna da dattawa a cike giɓin. Rubuta kowa, har da wanda ya bari a aji huɗu, har da mata da aure ya kai wasu garuruwa, har da waɗanda suka riga mu gidan gaskiya. Ka ware shafi na malamai, rayayyu da matattu. Ƙungiyar da ta taƙaita ga masu babbar waya da masu digiri kulob ne na masu hali, kuma manomin da aka manta da shi yau shi ne zai kawo yashi da jakinsa ranar gini.

Na biyu, kuɗi. Ayar da ta fi kowace tsawo a cikin Alƙur'ani, a ƙarshen Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi da kafa shaidu take. Bukhari da Muslim kuma sun ruwaito labarin Ibnul Lutbiyya, wanda aka aika karɓar zakka, ya dawo ya ware wani abu ya ce kyauta aka yi masa, Manzon Allah (SAW) ya hau mumbari ya yi gargaɗi mai tsanani a kan haka. Saboda haka kada kwabon ƙungiya ya kwana a asusun mutum ɗaya, komai amincinsa. A buɗe asusu da sunan ƙungiya mai sa hannun mutum biyu ko uku, in ta kama a yi mata rajista da hukumar CAC a yi. A ba da rasit ko na naira ɗari ne. A karanta abin da ya shigo da abin da ya fita a kowane taro tun kafin wani ya tambaya. Ma'aji mai gaskiya ne ya fi kowa amfana da wannan tsari, domin shi ne garkuwar mutuncinsa ranar da shaiɗan ya shiga tsakani.

Na uku, muƙami. Na taɓa halartar taron wata ƙungiya inda aka shafe daga hantsi har azahar ana gardamar iyayen ƙungiya nawa za a naɗa da wanda sunansa zai zo a sama, alhali ajin da muke zaune a ciki ba shi da ƙofa. Malam Abdullahi ya ga irin wannan cuta tun jihadi bai ƙare ba. Wajajen 1807, da ya lura wasu sun karkata ga neman mulki da dukiya da laƙabi, sai ya bar rundunar ya nufi gabas da niyyar Makka. Mutanen Kano suka tsayar da shi, ya karantar da su tafsiri, ya rubuta musu Diya'ul Hukkami a kan yadda ake riƙon jama'a, sannan ya dawo bakin aikinsa. Haka kuma bayan rasuwar Shehu a 1817, da aka yi wa Muhammadu Bello mubaya'a, an sami ɗan sanyin dangantaka tsakaninsu, amma bayan yaƙin Kalambaina baffa ya sallama wa ɗan ɗan'uwansa, wanda ya girme wa nesa ba kusa ba. In mutum irin wannan ya iya sallamawa, mene ne hujjar wanda ya riƙe shugabancin ƙungiyar 'yan aji shekara goma don kawai shi ya buɗe zauren WhatsApp? A sa wa'adi a rubuce, shekara biyu ko uku, a kuma mutunta shi. Mu tuna nasihar da Annabi (SAW) ya yi wa Abu Zarri da ya nemi a ba shi aiki, inda ya nuna masa cewa amana ce mai zama nadama ranar Lahira ga wanda bai sauke haƙƙinta ba, kamar yadda Muslim ya ruwaito.

Na huɗu, siyasa. Kowane ɗan ƙungiya yana da 'yancin shiga jam'iyyar da ya ga dama, in ya tsaya takara ma a yi masa fatan alheri. Amma ranar da aka ɗauki sunan ƙungiya aka kai gidan ɗan takara aka yi mubaya'a, rabin 'ya'yanta sun fita ke nan, kuma in ɗaya ɓangaren ya ci zaɓe makarantar ce za ta sha hukunci. Shugaban da ya yi niyyar takara, mutunci shi ne ya sauka tukuna.

Na biyar, aiki guda a shekara. Kada a zauna a birni a yanke wa makaranta abin da take bukata. A tambayi hedimasta da malamai da iyaye. Wata makarantar makewayi ne matsalarta, rashinsa kuma shi ke korar 'yan mata in sun fara girma. Wata rijiya ce, wata kuɗin jarrabawar marayu. Wata kuwa katanga ce da mai gadi, musamman tun bayan sace ɗaliban Birnin Yawuri a watan Yuni na 2021. A tsarin kwamitin kula da makaranta na SBMC akwai kujerar wakilan tsofaffin ɗalibai. A nemi wannan kujera a zauna a kanta, domin abin da ƙungiya ba za ta iya yi da aljihunta ba tana iya bibiyarsa da ƙafarta a ofishin ilmi na ƙaramar hukuma. Aji ɗaya da aka gama ya fi zanen katafaren ɗakin taro da ke cikin jakar shugaba.

Kammalawa

Tun daga 2013 akwai jami'ar tarayya da mazauninta ke Kalgo, abin da 'yan Katsina na 1930 ko a mafarki ba su hango ba. Amma babu yaron da zai shiga ƙofarta sai ya bi ta aji ɗaya na firamare, kuma a ƙauyukanmu da yawa a ƙasa yake zaune a wannan aji. Shi ne ɗan ƙungiyarku na gobe. In Allah Ya raya shi ya ɗauki alƙalami kamar yadda Malam Abdullahi ya yi, zai rubuta sunayen malamansa, kuma ba mamaki ya tambayi wane ne ya sa wa ajinsu rufi a shekarar da iska ta yaye shi. Wataƙila a gaya masa sunanka, wataƙila a manta. Wanda ka yi dominSa ba Ya mantuwa.

Allah Ya jiƙan malamanmu da suka rasu, Ya ƙara wa rayayyu lafiya, Ya ba waɗanda aka ɗora wa amana ikon saukewa. Mai gyara ko ƙarin bayani, musamman dattawan da suka san tarihin makarantun ƙasar Gwandu, ƙofa a buɗe take.